Rubutun Abba a Hannun Inna

"Na ce a'a, Auta. Ko so kike in rubuta miki a goshi?"

Abba ne ya faɗi haka yana shafa wa burodinsa bota, ko ɗago kai bai yi ba. Mama ta ƙunshe dariyarta ta juya tana zuba shayi, don kowa a gidanmu ya san ƙaramin aikinsa ne ya rubuta ɗin.

Abbana likitan ƙashi ne, kuma Allah ya jarabce shi da son rubuta kwanan wata. Akwai wani shuɗin alƙalami mai kaurin baki da ba ya rabuwa da aljihun rigarsa. Duk abin da ya shigo gidanmu sai ya sha rubutu: gwangwanin madara, tukunyar gas, ƙwan fitila, har ƙarƙashin kujerun falo. Ya rubuta ranar, ya zagaye ta sau biyu, sannan ya ja mata 'yar jela a ƙasa kamar ta ɓera. Mama takan ce ita ma in aka duba bayan wuyanta da kyau za a ga ranar da aka kawo ta gidan.

Mutum ne mai raha, ban taɓa neman abu ya hana ni ba. Ni ce ta ƙarshe, ni ce kuma 'yar gaban goshi, har yayyena sun gaji da ƙorafi sun haƙura. Abu ɗaya tak ya ƙeƙasa ƙasa a kansa, shi ne maganar Malam.

Malam mai koyar da tuƙi ne. Wajensa na je koyon mota bara, na dawo da lasisi a jaka da kuma wani ciwo a ƙirji wanda ba a maganinsa a asibitin Abba. Ranar da ya fara zuwa gaishe da Abba, ni da Mama muna laɓe bayan labule muna jiyo su suna sheƙa dariya kamar tsofaffin abokai. Can sai Abba ya tambaye shi iyayensa. Malam ya ce mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa kuwa tela ce a da, kafin hannunta na dama ya mutu bayan wata karaya da aka yi mata aikinta a babban asibiti. Nan take dariyar ta ɗauke. Abba ya duba agogo, ya ce yana da aiki, ya shige ɗaki. Tun daga ranar in an ambaci Malam sai ya ce a'a.

"To Abba, ka gaya mini laifinsa ko guda ɗaya ne."

"Shayina zai huce."

"Laifinsa kike tambaya?" Gwaggo ce ta cafe daga ƙarshen tebur. Yayar Abba ce, ta zo mana kwana biyu tun watannin baya, har yanzu kwana biyun ba su cika ba. "Ke ba ki da ido ne? Ubanki babban likita, ki rasa wanda za ki kwaso mana sai mai koya wa mutane taka birki? Ga yaron kirki nan yana ta sintiri a kanki, takalminsa har ya suɗe."

Yaron kirkin shi ne Ƙaramin Likita, wanda ke aiki a ƙarƙashin Abba. Gaskiya ba shi da aibu, sai dai hirarsa biyu ce a duniya: sabuwar motarsa da ciwon gwiwa. Gwaggo ba ta rufe baki ba muka jiyo wani ƙarrr daga waje, irin na ƙarfe in ya gogi ƙarfe.

Mama ta leƙa taga ta ce, "Yaya, ga surukinki can. Ya sake gaisawa da ƙofar gida."

Abba ya fashe da dariya har shayi na zuba masa a riga. Ni kuwa da na ga fuska sai na ce, "In yana so in haɗa shi da Malam. Yana yi wa likitoci rangwame."

Dariyar Abba ta tsaya cak. Ya goge rigarsa, ya ɗauki jaka ya fita.

Duk da haka ba zan ce ina cikin baƙin ciki ba. Na san Abbana, na kuma san Mama na bayana, a ganina maganar sana'a ce kawai, wata rana zai sauko. Kafin nan kuwa ina da ranar Asabar. Da sanin Mama nake zuwa ƙarin darasi, wai har yanzu ban iya ribas ba. Abin kunyar shi ne ba ƙarya ba ce gaba ɗaya.

"Ɗaliba, dubi madubi."

"Ina dubawa ai."

"Madubin mota na ce, ba fuskata ba."

Na taka birki da ƙarfi har kansa ya kusa buga gilashi. Ya dafe ƙirji yana salati, ni ina dariya har da hawaye. A filin da muke koyo akwai tsofaffin tayoyi da ya jera a matsayin bango, kuma babu wadda ban taɓa hawa ba a cikinsu.

"Yaya Abba? Har yanzu shayin bai huce ba?"

"Da saura."

"To ba komai. Ni da na koya wa wata tsohuwa tuƙi har ta daina rufe ido in ta ga babbar mota, haƙuri ai sana'ata ce." Sannan ya ce, "Innata na son ganinki. Ta ce yau, ba gobe ba."

Sau ɗaya na taɓa zuwa wajen Inna, kwanakin baya. Ranar da sauri na fito, don haka na shiga ɗakin ajiyarmu na ɗauko gwangwanin madara da kwalbar zuma na kai mata. Ta karɓe ni hannu bibbiyu, ta yi ta sa mini albarka. Na dai lura ta daɗe tana jujjuya gwangwanin nan a cinyarta, na ɗauka kamfanin take dubawa.

Muna gama darasi muka wuce gidansu. Ƙarami ne, fes da shi kamar an lashe. A kusurwar falo akwai keken ɗinki an lulluɓe shi da farin ƙyalle, an ɗora tukunyar fure a kai. Inna mace ce mai jiki da yawan dariya. Da hagu take komai. Hannun daman yana kwance a cinyarta, ya shanye ya ƙanƙance, yatsun sun lanƙwashe ciki.

"Kai, je ka sayo mana lemo mai sanyi," ta ce wa Malam. "Kuma kar ka yi sauri."

Yana fita ta jawo ni kusa da ita. A lokacin idona ya kai kan wani hoto da aka rataye a saman keken, wanda na tabbata babu shi wancan zuwan.

"Ciro shi ki gani. Malaminki ne ranar da ya gama sakandare. Dubi wuya kamar na mariƙin lema."

Na ciro ina dariya. Ga shi nan siriri, sai kunnuwa, yana rungume da takardar shaida. Inna na gefensa tana washe baki, ta ɗora masa hannun dama a kafaɗa. Hannun na cikin farin simintin nan da ake naɗa wa masu karaya a asibiti.

"Da safen ranar na hau kujera zan rataya labule saboda baƙi, kujerar ta ce ba da ita ba. Wuyan hannun ya karye. Aka kai ni babban asibiti, na ce musu ku yi sauri, ɗana ake yayewa. Likitan kuwa mutumin kirki, sai barkwanci. Ya gama naɗa mini, ya ciro alƙalami ya rubuta ranar da zan dawo a jikin simintin. Wai marasa lafiya suna yar da kati, amma babu mai yar da hannunsa."

Na sha jin wannan barkwancin a teburin gidanmu.

Na matso da hoton kusa da idona. Rubutun shuɗi ne. An zagaye shi sau biyu, an ja masa 'yar jela a ƙasa.

"Kafin gari ya waye yatsun nan sun kumbura sun yi baƙi," Inna ta ci gaba, muryarta ko rawa ba ta yi. "Zogi kamar ana hura mini wuta a ciki. Da sassafe na koma. Na same shi a baranda, mutane sun yanyame shi, an kawo 'yan haɗarin mota jina-jina. Na ce, likita, hannuna. Wallahi 'yata bai ko kalli yatsun ba. Ya ɗora yatsa a kan rubutun ya ce, baiwar Allah, me aka rubuta a nan? Sai ranar. Ya sa aka ba ni ƙwayoyi na dawo gida."

"Daga nan fa, Inna?"

"Na daure iya dauriya. Da abin ya fi ƙarfina aka kai ni wani asibitin, suka yanke simintin, suka ce ya matse da yawa, jini ya daina zuwa. Hannu ya riga ya tafi. Baban Malaminki ya kai ƙara. Aka zauna, aka kawo fayil ɗina aka karanta mana. Wai an umarce ni in dawo washegari a sassauta, ban dawo ba. Wai tun ranar farko ba a sake ganina ba."

"Amma ai kin koma!"

"Ni kaɗai na je, babansa yana wajen aiki. Shi kuma mutum ne mai girmama takarda, Allah ya jiƙansa. In ya ga abu da hatimi, to an gama. Bai taɓa zagina ba. Amma duk ranar da ya ga ina kokawa da maɓallin riga sai ya yi ajiyar zuciya ya ce, da dai kin koma. Da wannan maganar a bakinsa ya bar duniya."

"Hoton nan fa? Ai ga ranar komawar a jikin simintin, ba washegari ba ce, da nisa."

"Mai hoto bai kawo ba sai bayan an rufe magana. Na nuna masa, ya ce hoto ba takarda ba ne, in bar tone-tone." Ta dube ni ta yi murmushi. "Sha ruwa, 'yata. Fuskarki ta canza."

Ban san yadda na mayar da hoton ba. Da Malam ya dawo da lemon na ce kaina ke ciwo, ya kai ni gida yana ta tambayata ko ya yi laifi.

Da yamma na sami Abba a ɗakin ajiya. Yana zaune a kan 'yar kujera, an sayo kayan wata, yana ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya yana rubutawa yana 'yar waƙarsa. Na daɗe a tsaye ina kallon hannun nan da ya koya mini riƙe fensir.

"Auta, miƙo mini sukarin can."

"Abba, na ga rubutunka yau."

"Ina ne babu rubutuna a gidan nan?"

"Ba a gidan nan ba. A hannun Inna, cikin hoto."

Alƙalamin ya tsaya. Bai tambaye ni wace Inna ba, wannan ne ya ƙarasa karya mini zuciya. Na durƙusa a gabansa, kukan da na danne tun rana ya ƙwace mini.

"Ka ce mini ba kai ba ne, Abba. Don Allah ka ce wani ne mai irin rubutunka. Wallahi zan yarda."

Ya daɗe yana kallon gwangwanin da ke hannunsa kafin ya ajiye shi a hankali.

"Ni ne."

"Ta koma?"

"Ta koma. Har yau ina ganin mayafin da ke jikinta. Ranar tun asuba nake tsaye, ga mutane suna mutuwa a gabana, na ce a raina mai karayar hannu ai za ta iya jira. Da na duba yatsun nan ko na ƙiftawar ido ne, da almakashi kawai zan ɗauko." Ya ajiye alƙalamin. "Da ƙara ta zo, shugaban asibitin ya kira ni ofishinsa. Ya zare shafin ya miƙo mini sabo fari. Ya ce kana da yara ƙanana, asibiti kuma na da suna. Lokacin ke ko makaranta ba ki shiga ba. Na zauna na sake rubutawa. Babu wanda ya riƙe mini hannu, Auta. Ni na rubuta."

"Shi ya sa ka ƙi Malam."

"Yaron nan ya kwanta mini a rai tun kafin ya gama gaisuwa. Amma in ɗauki 'yata in kai ta gidan da na kashe wa hannu? Ranar da suka gane fa? A kanki za su huce." Ya ɗago jajayen idanunsa. "Ta san ni ne ubanki?"

"Ban gaya mata ba."

Ya kamo hannuna.

"To ji nan. Na amince. Ki gaya masa ya turo manyansa, ko gobe ne. Ni ba sai na haɗu da ita ba, kawunanki za su tsaya. Amma maganar nan ta mutu a ɗakin nan."

Abin da na daɗe ina roƙo ke nan, ga shi an miƙo mini. Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta yi tsalle, na ga kaina a gidan nan mai tukunyar fure, na ga Malam yana tsokanata kullum ba sai Asabar ba. Sai kuma na ga kaina da safe ina saka wa Inna maɓallin riga, tana sa mini albarka.

"Ba zan iya ba, Abba."

"Auta!"

"Ina son sa kamar raina, Allah ya sani. Amma ba zan iya kallon hannun nan kullum ina murmushi ba. Ba zan faɗa musu ba, maganarka ce ba tawa ba. Sai dai in haka za a yi auren, na haƙura."

"Kin san abin da kike nema? Hukuma na iya karɓe mini lasisi. Sunan da na yi shekara da shekaru ina ginawa, rana ɗaya zai zube."

"Ban nemi komai ba, Abba. Na dai ce na haƙura."

Ashe Mama da Gwaggo na bakin ƙofa tun ɗazu. Gwaggo ta faɗo ɗakin tana tafa hannu.

"Lalle yarinya! Saboda direba za ki tona wa ubanki asiri? Abin da ya wuce tun kina tsumma? An ba ki abin da kike so, ki karɓa ki yi shiru mana! In ba ki so, ga Ƙaramin Likita nan, shi uwarsa hannunta biyu lafiya lau."

Mama ba ta cika tanka wa Gwaggo ba, amma ranar ta ce, "Yaya, bar ta." Ta juya ga Abba. "Ashe abin da ke sa ka zabura cikin barci ke nan. Ni ina ta canza maka matashi."

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi tsit. Kayan nan suna zube a ɗakin ajiya babu rubutu. Asabar ta zagayo ban je darasi ba, Malam ya kira har ya gaji, na tura masa cewa ba ni da lafiya. Gwaggo ta yi fushi ta haɗa kayanta, ta kai su bakin ƙofa, ta dawo da su. Ni kuwa na ci kuka har idona ya ƙanƙance, amma abin mamaki ban ji na tsani Abba ba ko kaɗan, tausayinsa ne ma ya cika ni.

Wata safiya ina kwance aka ƙwanƙwasa. Abba ne, sanye da rigarsa ta zuwa manyan wurare. Ya miƙo mini makullin motarsa.

"Tashi ki kai ni. Ban san gidan ba."

Tunda nake bai taɓa yarda na tuƙa shi ba. Ya zauna a gefena ya ƙanƙame bel da hannu biyu. Da muka zo shataletale na ɗan shiga gaban wata motar haya, ya rintse ido ya ce, "Wai shi yaron nan me ya koya miki?" Muka yi 'yar dariya.

Mun sami Malam a ƙofar gida yana wanke motar koyo. Yana ganin wanda ya fito soson ya suɓuce masa, ya durƙusa yana gaisuwa, fuskarsa cike da murna. Na kasa haɗa ido da shi.

"Tashi, ɗana. Mahaifiyarka na ciki? Ka zo kai ma."

Inna na zaune a inda na bar ta, hoton na nan a saman keke. Ta dubi Abba tun daga sama har ƙasa.

"Likita. Ka tsufa."

Malam ya dube ta, ya dubi Abba. An nuna wa Abba kujera, ya ƙi, ya zauna a ƙasa kan darduma.

"Baiwar Allah, kin koma," ya ce. "Washegari da safe kin koma, a baranda kika same ni. Kin ce mini hannunki, ni ne ban duba ba. Takardar da aka karanta muku kuwa ƙarya ce, ni na sake rubuta ta da hannuna. Jiya na je na faɗa wa hukumar asibitin, na sa hannu, duk abin da suka yanke na karɓa. Ban zo in ce ki yafe mini ba, ban da bakin wannan. Na zo ne ki ji daga bakina."

Inna ba ta kalle shi ba. Ɗanta ta juya ta kalla, hawaye na gangaro mata.

"Ka ji? Na koma. Ka ji ko? Na koma."

Ban taɓa ganin fuskar Malam haka ba. Ya juya ya fita.

Inna ta share fuska da gefen mayafi, ta miƙa hagu bayan kujera ta ciro wani abu ta ajiye a kan tebur. Gwangwanin madarar nan ne, ko buɗe shi ba a yi ba. A murfinsa ga shuɗin rubutu, zagaye biyu da 'yar jela.

"Tun ranar da kika kawo mini wannan na san 'yar gidan waye ce ke. Shekara nawa ina kallon rubutun nan a jikin hoton da na ɓoye a ƙasan akwati? Na kwana ina juyi. Na ce to, bari in fito da hoton. In ta gani ta haɗiye, ba matar ɗana ba ce. In ta kai maganar gida, sai mu ga irin uban da ya haife ta." Ta ɗan yi murmushi cikin hawayen. "Ki yi haƙuri, 'yata, na wahalar da ke."

Sannan ta sa hagu ta ɗago hannun daman daga cinyarta, ta miƙa wa Abba.

"To likita, ga shi. Na san ba zai gyaru ba. Amma ka duba."

Abba ya matso da gwiwoyinsa. Ya ciro tabarau ya sa, ya karɓi hannun da tafukansa biyu. Ya fara da ɗan yatsan ƙarshe, yana taɓawa yana tambayarta ko tana ji, hawayensa na ɗiga a kan darduma. Na sulale na fita.

Malam na zaune a cikin motar koyo, a kujerarsa ta gefen direba, kumfa na bushewa a jikin gilashi. Na tsaya ina shakka, sannan na buɗe ɗaya ƙofar na zauna.

"Ni ma takardar na yarda da ita," ya ce, bai kalle ni ba. "Ban taɓa faɗa mata ba, amma a raina na ɗauka tsoron asibiti ne ya hana ta komawa. Babana ya tafi yana ganin laifinta, ni kuma na girma ina taya shi."

"Ka yi haƙuri."

"Tun yaushe kika sani?"

"Ranar lemo."

"Shi ne ciwon kan."

"Shi ne."

Ya rufe fuska da tafukansa, kafaɗunsa na girgiza. Na bar shi ya yi mai isarsa, ni ma ina nawa. Ta tagar falo ina hango ƙeyar Abba a sunkuye, har yanzu bai gama dubawa ba.

"Ban san ranar da zan iya kallon mahaifinki ba," Malam ya ce. "Ba yau ba dai."

"Na sani. In ma ka ce in tafi kar in dawo, ba zan ga laifinka ba."

Ya share idonsa da hannun riga. Ya daɗe yana kallon motar Abba da na ajiye a gabanmu, gindinta a tsakiyar titi, tayar gaba ɗaya a kan dakalin maƙwabta.

"Ɗaliba."

"Na'am."

"Wa ya yi wancan fakin ɗin?"

"Ni ce."

Ya girgiza kai, ya ja dogon numfashi.

"Ranar Asabar ki zo da wuri. Aikinki da sauran yawa."